Karatun Kwamfuta Haɗe da Kasuwanci Ba Taura Biyu Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi karatun 'ya'yanmu a jami'a, wato haɗa ilimin kwamfuta da na kasuwanci a cikin digiri guda. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata muhawara da ta tashi a gidanmu lokacin da 'yar ƙanena za ta cike takardar JAMB. Yarinyar tana da kai a lissafi, tana son kwamfuta, kuma tun tana firamare ita ce ke rubuta wa mahaifiyarta sunayen matan da suka karɓi atamfa bashi da abin da kowacce ta biya. Da aka tambaye ta abin da take son karantawa, sai ta ce fannin da zai haɗa mata biyun take nema. Wani yayanmu, tsohon malamin makaranta wanda nake girmama ra'ayinsa ƙwarai, ya ce mata taura biyu ba ta taunuwa, gara ta zaɓi ɗaya ta riƙe da kyau. Na san ba a gidanmu kaɗai ake faɗin haka ba, kuma ina ganin wannan karin magana, duk da gaskiyar da ke cikinsa, ba a nan ne muhallinsa ba.

Ni akanta ne, kuma shekaru da dama ke nan ina riƙe wa wasu 'yan sari littattafan lissafi a cikin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da kewayenta. Abin da zan faɗa na gan shi ne da idona. Ɗaya daga cikin iyayen gidana, mai sayar da sukari da madara da taliya da man girki a kan sari, ya gaji da littattafai masu kauri, sai ya ɗauko wani matashi mai digirin kwamfuta daga wata jami'a, ya biya shi kuɗi mai kyau don ya haɗa masa manhajar da za ta riƙe lissafin shago da na sito. Yaron haziƙi ne kuma mai ladabi, ya yi kusan wata biyu yana aikin ba dare ba rana, ya kawo abu mai kyan gani wanda ke buɗewa da sauri, ba ya tsayawa. Amma tun a makon farko matsala ta fara fitowa. Manhajar ta san kwali kawai, alhali kuwa a shagon ana sayar da kwali, ana fasa shi a sayar da dozin, wani lokaci har da rabin dozin ga mai ƙaramin tebur. Ta san farashi ɗaya ga kowane kaya, alhali farashin da ake ba wanda ya shekara goma yana saye daban yake da na baƙo, kuma ragin da maigida zai yi ya danganta da yawan kayan da kuma ko za a biya nan take.

Babbar ɓarakar ita ce bashi. Mafi yawan cinikin wannan shago a kan amana ake yin sa. Mutum zai zo daga Kachia ko Saminaka ko Birnin Gwari ya ɗauki kaya, ya ba da rabin kuɗi, ya aiko da wani kaso ta hannun direba bayan kasuwar garinsu ta ci, ya turo ragowar ta banki da sunan ƙanensa, sa'an nan ya dawo da kwali biyu da suka jiƙe a hanya ya ce a cire masa. Manhajar ba ta da wurin da za a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin wanda ya gina ta ya ɗauka cewa kowane ciniki kaya ne ya fita kuɗi ya shigo a lokaci guda. Haka kuma ribar da take nunawa a ƙarshen wata ba riba ba ce, domin tana cire kuɗin kayan da aka saro a watan daga kuɗin da aka sayar, ba ta duba abin da ya rage a sito, ba ta kuma san cewa buhun sukarin da aka saro a farkon wata da wanda aka saro a ƙarshensa ba kuɗinsu ɗaya ba ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kowane yaron shago yana iya goge cinikin da aka riga aka shigar ba tare da wata alama ta rage ba. Duk ɗalibin akanta na shekarar farko ya san cewa ba a goge lissafi, sai dai a rubuta wani layi da zai gyara kuskuren, kuma ya san cewa mai karɓar kuɗi bai kamata ya zama shi ne mai ikon canza abin da aka rubuta ba. Bayan wata uku maigidan ya koma kan littafinsa, kuma har yau idan aka yi masa maganar kwamfuta sai ya kawar da kai.

Ban taɓa ɗora wa yaron nan laifi ba. Ya yi aikin da aka koya masa, kuma ya yi shi da gaskiya. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa littafin masu bashi, ko ya bayyana masa bambancin kuɗin da ke aljihu da ribar da aka samu. Na kuma ga irin wannan giɓi ta ɗaya ɓangaren, inda masu digirin kasuwanci ke sa hannu a sayi manhaja mai tsada saboda mai tallarta ya iya baki, ba su san tambayar da za su yi masa a kan inda bayanansu za su zauna ba, ko wanda zai iya ganinsu, ko abin da zai faru ranar da suka so barin kamfanin su tafi da lissafinsu. Tsakanin waɗannan mutane biyu akwai kujerar da babu kowa a kanta, kuma don cike ta aka ƙirƙiro irin karatun da nake magana a kai.

Mutanen Kaduna ba sa bukatar dogon bayani a kan yadda kasuwa ta koma cikin waya, domin mun gani a farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1000 ya haifar da ƙarancin tsabar kuɗi. A cikin 'yan makonni mai nama da mai shayi da mai kayan miya suka buɗe asusu, dillalan hatsi da ba su taɓa yarda da transfa ba suka koyi jiran alat, masu POS suka zama bankin unguwa. A wannan lokaci ne kuma kowa ya san zafin a cire kuɗi daga asusun mai saye amma bai shiga na mai sayarwa ba. Wannan matsala ita kanta hujja ce a kan abin da nake faɗa. A ilimin akanta akwai ƙa'idar da ta ce kowane ciniki ana rubuta shi a wuri biyu, inda ya fito da inda ya shiga, kuma dole ɓangarorin biyu su yi daidai. A ilimin rumbun bayanai na kwamfuta kuma akwai ƙa'idar da ta ce aikin da ya ƙunshi matakai da yawa ko dai ya kammala gaba ɗaya ko kuma a mai da komai yadda yake tun farko. Wanda ya karanta ɗaya ya san rabin labari, amma wanda ya karanta duka biyun zai gane cewa magana ɗaya ce ake yi da harsuna biyu, kuma shi ne zai iya zama ya bi sawun kuɗin da ya maƙale tsakanin bankuna har ya gano inda ya tsaya.

Saboda haka nake cewa ba taura biyu ba ce. Taura biyu ita ce mutum ya ce zai karanta likitanci da shari'a a lokaci guda. Amma kasuwanci tun asalinsa aiki ne na riƙe bayani, wato wa ya karɓa, nawa ya biya, me ya rage, yaushe za a sake saro kaya, kuma kwamfuta na'ura ce da aka yi domin riƙe bayani da sarrafa shi. A Jamus sun daɗe da mai da wannan haɗi fanni mai zaman kansa, da sassansa da furofesoshinsa a jami'o'i, kuma masana'antunsu na ɗaukar waɗanda suka karanta shi ba tare da wani ya tambaye su ko su 'yan kwamfuta ne ko 'yan kasuwanci ba. A Kanada, jami'o'in Waterloo da Wilfrid Laurier, waɗanda ke gari ɗaya, suna da shiri na haɗin gwiwa inda ɗalibi ke shekara biyar ya fito da digiri biyu, ɗaya na kimiyyar kwamfuta ɗaya na gudanar da kasuwanci. Ban kawo waɗannan misalai don mu kwafa ido rufe ba, na kawo su ne don iyaye su san cewa yaron da ya nemi wannan fanni ba shiririta yake yi ba.

Duk da haka, tsoron da yayan namu ya nuna yana da tushe, kuma rashin adalci ne in rufe ido a kansa. Ana iya tsara irin wannan kwas ta hanyar da za ta cuci ɗalibi, a ɗebo masa darussa masu sauƙi daga sashen kwamfuta, a ɗebo masu sauƙi daga sashen kasuwanci, a cike shekara huɗu da gabatarwa kan gabatarwa, ya fito bai iya rubuta manhajar da za ta yi aiki ba, bai kuma iya haɗa lissafin ƙarshen shekara ba. Irin wannan digiri ya fi kowanne cutarwa, domin mai shi ba ya da ƙafar tsayawa a ko'ina. A ganina haɗin ba zai yi amfani ba sai an tilasta wa ɗalibi abubuwa masu wuya na kowane ɓangare. Ya rubuta manhaja da hannunsa tun daga shekarar farko har ta ƙarshe, ya san tsara rumbun bayanai da tsaron bayanai da ƙididdiga, ya kuma zauna aji ɗaya da ɗaliban akanta ya rubuta jarabawa ɗaya da su a lissafin kuɗi da lissafin tsadar kaya da haraji, ba wata sassauƙar jarabawa da aka keɓe masa ba. Abin da za a rage masa shi ne zurfin da bai shafi aikinsa ba, kamar ƙirar cikin na'ura. Wanda burinsa ya zama mai bincike a lissafin kwamfuta tsantsa, to gaskiya ya tafi kimiyyar kwamfuta kai tsaye, wannan fanni ba nasa ba ne.

Matsalarmu a nan ta faro ne tun daga sakandare. A ajin farko na babbar sakandare ake raba yara, waɗannan kimiyya, waɗannan kasuwanci, waɗannan adabi, a lokacin da yaro bai wuce shekara goma sha biyar ba. Wanda aka tura ajin kasuwanci ba ya yin fiziks, kuma kimiyyar kwamfuta a jami'a tana neman fiziks tare da lissafi, saboda haka ƙofar ta rufe masa tun bai san akwai ta ba. Wanda ke ajin kimiyya kuma sau da yawa yakan gama bai taɓa buɗe littafin akanta ba. Wannan rabuwa ta bi mu har cikin ginin jami'o'inmu. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, shekaru da dama an san Kongo da karatun mulki da akanta da shari'a, an san Samaru da kimiyya da injiniya da Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar, kuma tsakanin harabobin biyu sai an ratsa garin Zariya a mota. Ban faɗi haka don aibanta kowa ba, domin tarihi ne ya tsara abin haka a zamanin da kwamfuta ke cika ɗaki guda kuma ɗan kasuwa ba ya da hulɗa da ita. Zamanin ne ya wuce.

Abin farin ciki shi ne ƙofa ta buɗe. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon kundin tsarin karatu da ake kira CCMAS. A cikinsa an fitar da ilimin kwamfuta daga ƙarƙashin kimiyya ya zama fanni mai cin gashin kansa, da digirori daban daban kamar tsaron intanet da injiniyan manhaja da kimiyyar bayanai, kuma a cikinsu akwai digirin tsarin sarrafa bayanai na ma'aikatu da kamfanoni, wanda shi ne ya fi kusa da haɗin da nake magana a kai. Muhimmin abu kuma shi ne hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Kirana ga majalisun malaman jami'o'in da ke jihar nan, musamman Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jihar Kaduna wadda aka kafa a 2004, shi ne su dubi wannan kashi 30 a matsayin amana, su cike shi da kasuwancin da mutanenmu ke yi a zahiri.

Akwai abin koyarwa mai yawa a bakin ƙofarmu. Ɗalibi ya koyi yadda ake tsara lissafin bashi da na dillali da la'adarsa, da yadda za a haɗa mudu da tiya da buhu da kilo a manhaja ɗaya ba tare da an cuci mai saye ko mai sayarwa ba. Ya bi citta daga gonakin Kachia da Jaba har zuwa inda ake loda ta don fita waje, ya ƙirga hannu nawa take bi da abin da kowane hannu ke ci, ya ziyarci tashar jiragen ruwa ta tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018 ya ga takardun da kwantena ke bukata. Ya san cewa tun da Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 akwai harkar banki marar ruwa a ƙasar nan, kuma manhajar da aka gina don lissafin kuɗin ruwa ba za ta iya lissafin murabaha ko mudaraba ba, domin ɗaya ciniki ne da riba sananniya, ɗaya kuma tarayya ce da ake raba riba bisa yarjejeniya. Ya iya haɗa wa ɗan kasuwa abin da zai fitar masa da zakkar dukiyarsa, ɗaya cikin arba'in idan shekara ta zagayo, bayan an ƙiyasta kayan sito da bashin da ake sa ran biya, ya kuma iya cire masa harajin VAT na kashi 7.5 daidai. Ya karanta Dokar Kare Bayanai ta 2023 don ya san cewa lambar wayar abokin ciniki da tarihin bashinsa amana ce da doka ke karewa. Sa'an nan ya saba gina manhajar da ke magana da Hausa kuma take aiki ko babu sabis ko an ɗauke wuta, domin wanda zai yi amfani da ita yana tsaye ne a cikin rumfa da ƙaramar waya, mutum biyar na jiransa.

Ina da shawara ta musamman a kan wata shida na sanin makamar aiki da ɗalibai ke yi a ƙarƙashin shirin SIWES. Na sha ganin yara suna yawo da takarda suna neman ofis mai sanyi da zai karɓe su, su ƙare da zama suna kwafar takardu. Zai fi amfani jami'a ta zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a a Kasuwar Barci da Panteka da Kawo, a tura ɗalibai biyu biyu su zauna a shago ko wurin ƙira, su yi wata biyu ba su taɓa kwamfuta ba sai kallo da tambaya da rubutu, sa'an nan su gina abin da maigidan ke bukata, kuma makinsu ya dogara a kan ko har yanzu ana amfani da abin bayan sun tafi. Da yaron da na ba da labarinsa ya sami irin wannan zama, da manhajarsa tana aiki har yau.

Iyaye za su tambaya, kuma suna da haƙƙi, ina aikin yake? Ba zan yi wa kowa alƙawarin albashi ba, domin babu digirin da ke ba da wannan tabbaci a ƙasar nan. Abin da zan iya cewa shi ne bankuna da kamfanonin biyan kuɗi ta waya da masu rarraba kaya da asibitoci da hukumomin haraji da na filaye duk sun mai da aikinsu kan kwamfuta, kuma kowannensu na bukatar wanda zai saurari ma'aikaci ya fahimci aikinsa, ya juya ya bayyana wa masu rubuta manhaja abin da za su gina, ya kuma gwada ya tabbatar lissafi ya fita daidai. Mai wannan digiri yana iya ci gaba ya rubuta jarabawar ICAN, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, idan akanta ta fi jan hankalinsa. Ga 'ya'yanmu mata kuma akwai wani alheri, domin da yawa daga cikin wannan aiki ana iya yin sa daga gida, kuma matan da ke sana'a a cikin gidaje, masu atamfa da turaren wuta da abinci da masu adashi, sun fi sakin jiki su buɗe littafin bashinsu ga mace 'yar'uwarsu. Ya rage ga masu ɗaukar ma'aikata, musamman gwamnati, su sa sunan wannan digiri a cikin tallan guraben aiki, don kada a mai da mai shi baya a bakin ƙofa saboda sunan takardarsa bai yi daidai da tsohon jeri ba.

Game da 'yar tamu, mun tsaya a kan cewa za ta nemi digirin tsarin sarrafa bayanai a inda ake yin sa, idan kuma ba ta samu ba ta shiga kimiyyar kwamfuta, ta ɗauki darussan zaɓi daga sashen akanta gwargwadon abin da aka yarda mata, kuma duk hutu ta zo ta zauna tare da ni a kasuwa mu rufe lissafin wata. Yayan namu ya amince da sharaɗin cewa zai riƙa duba sakamakonta na lissafi kowane zango, ni ma na goyi bayansa a kan haka. Ina roƙonka, ya Edita, ka tura wakilinka ya tambayi shugabannin tsangayoyin kwamfuta da na kasuwanci a jami'o'in jihar nan abin da suka zuba a cikin kashi 30 ɗin da aka bar musu, ka buga amsarsu da Hausa kafin a buɗe rajistar JAMB mai zuwa, domin iyaye da malaman sakandare su san abin da za su faɗa wa yara.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani akanta mai karanta jaridarka,
Tudun Wada, Kaduna.